Kyanwar Bature Ta Raba Ni da Gidan Saurona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni manomin shinkafa ne daga Auyo, ƙasar Haɗeja.

Bara ɓeraye suka addabi rumbuna. Ana nan sai wani Bature mai kula da aikin gona a yankinmu ya koma Ingila, kukunsa ya nuna mini kyanwar da ya bari, ƙatuwa, gashi buzu-buzu. Na ce wannan ko ganinta ɓera ya yi ya mutu. Na ba da ragon da nake kiwo don layya, na ɗauko ta.

Ashe ba ruwanta da ɓera. Tuwo kuwa ko shinshinawa ba ta yi, sai madarar gwangwani da tarwaɗa, ita ma sai an cire ƙaya.

Da bazara ta tsananta ta riƙa haki, tausayi ya sa na kira wanzami. Ya ce, "Malam, na tsufa ina aski, ban taɓa yi wa mage ba." Ya yi mata ƙwal. Damina na sauka sauron fadama ya far mata, dole na bar mata gidan saurona, ni ina kwana ina marin kaina.

Na so in kore ta, limaminmu ya ce, "Kai ka aske ta, hakkinta yana wuyanka."

Jama'a, ku ba ni shawara. Ina gaida abokaina masunta na garin Baturiya, masu agaza mini da kifi. Mai 'yar kyanwar gida kuma ya taimaka, don yanzu a kwanonta ɓerayen suke shan madara, tana kwance tana kallonsu.