Tsattsewar da na rufe a kwali

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai yi nisa ba. Tsattsewa na tsinta da karyayyen fiffike, na rufe ta a kwali har ta warke, amma ta ƙi tashi, ga 'yan'uwanta suna ta wucewa.

A tasha na ji wata malama tana tsokanar direban da ya ɓatar da su hanya.

"Haba direba, tsattsewa ma tana ƙetare teku ba ta tambayi kowa ba!"

"Wa ke nuna mata, Malama?"

"Masana na zaton akwai wani sinadari a idonta. In haske ya taɓa shi, sai ta ji maganaɗisun ƙasa, ta gane arewa da kudu."

"In an sa ta a duhu fa?"

"Sai ta rikice kamar kai."

Direban ya ce, "Ni ma idon ne. Kwana biyu allon hanya dishi-dishi nake ganinsa."

"Subhanallahi! Ka je asibiti, ɗan'uwa."

Kunya ta hana ni yi mata godiya. Allah ya saka mata. Washegari da hantsi na fitar da kwalin tsakar gida, na buɗe shi, na koma gefe.