Amsa a Ƙarƙashin Hannun Riga

Ina jiran a gama duba mahaifiyata a asibitin masu cutar mantuwa a Rotterdam, sai wata tsohuwa ta juya ga dattijon da ke gefenta, ɗan asalin Suriname.

"Bawan Allah, kai me likitoci suka ɗora wa laifi?"

"Abinci. Wai ciwon sukari na cin ƙwaƙwalwa. 'Yata ta hana ni zaƙi, ta saya mini keke. Ke fa?"

"Yunwa. Uwata na da cikina aka yi yunwar ƙarshen yaƙin duniya na biyu, har saiwar furanni ta ci. Wai jikina bai manta ba."

"Madalla, ashe akwai abin da kike tunawa."

"Yi dariyarka. Shekara talatin masu bincike suna auna ni kamar saniyar sayarwa, na halarci jana'izar uku a cikinsu. Yau in na faɗi gwajin ƙwaƙwalwar nan, ɗana zai kai ni gidan tsofaffi."

"Da wannan bakin? Za ki ci."

"Ba a gwada baki." Ta rage murya. "Yau nawa ga wata?"

"Sha huɗu, Talata."

Ta naɗe hannun rigarta, ta rubuta a fatarta. Sunan titinta da lambar gidanta suna rubuce a wurin tuntuni.

Dattijon ya daɗe yana kallo. "Baiwar Allah, satar amsa ke nan."

"Je ka kai ƙara."

Nas ta leƙo ta kira, "Geertje Vermaas!"

Tsohuwar ta miƙe.

"Ƙara jan rigar ƙasa," ya ce a hankali. "Ana ganin Talatar."