Tiyon da Aka Yanke

A unguwarmu a garin Valdivia kowa cewa yake gas ɗin shagon bakin kogi, wanda ake ɗura wa gangar giya don ya turo ta, shi ne ke lalata giyar gida. Ban yarda ba, sai na je na zauna a bencin shagon. Wani dattijo na kan layi da tukunyar gas, bayansa wata mata mai gyaran firij.

"Baba, wannan fuska haka, mutuwa aka yi?" in ji matar.

"Giyata ce ta mutu, 'yata. Ranar auren jikata na murɗa famfon gangar giya, sai kumfa zalla, ga baƙi tamanin riƙe da kofuna."

"Kai ma gas za ka ce?"

"A'a, ƙanena Baldomero ne, shi ya haɗa min gangar. Na kira shi mahassadi a gaban surukai. Wata takwas ke nan ba ma gaisawa."

"Tiyon da ya tashi daga ganga zuwa famfo, tsawonsa nawa?"

"Mita uku ya sa, a nannaɗe kamar hanjin rago. Ana gobe biki na yanke, na bar kamu biyu don firij ɗin da gangar ke ciki ya yi kyan gani."

"Haba Baba! Ai tsawon nan ne ke rage wa giya gudu. In ya gajarce, dole ta yi kumfa."

Dattijon ya ajiye tukunyar a ƙasa. "Baldomero ya ce kada in taɓa. Na ce ni ne babba."

"To kira shi mana."

"Ya sayar da gidansa, ya koma can garin Punta Arenas wajen 'yarsa. Lambar wayar ma ya canja."

Gas ba shi da laifi, Baldomero ma haka. Dattijon ne ya yanke tiyon da hannunsa.