Wankan Baba

Mukhtari: Salamu alaikum. Raudatu? Kina ji na?

Raudatu: Wa alaikumus salam, Yaya Mukhtari. Ina kwana?

Mukhtari: Lafiya lau. An tashi lafiya?

Raudatu: Lafiya ƙalau. Ya su Anti Zuhura da yara?

Mukhtari: Duk suna gaishe ki. Ya jikin Baba?

Raudatu: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Wai wace irin iska ce haka a wajenka?

Mukhtari: Ina kan ferry ne, jirgin ruwan fito, yanzu muka baro tashar St. George. Ya bayan naki?

Raudatu: Bayani? Wane bayani?

Mukhtari: Bayanki! Ciwon bayan da ɗaga Baba ya jawo miki!

Raudatu: Au! Yana nan, muna lallaɓawa.

Mukhtari: To kin gani. Ki saurare ni, kar ki katse ni. Masu nursing home ɗin nan, gidan kula da tsofaffi, sun kira, gado ya samu wa Baba. Sun ce in sa hannu kafin ƙarfe huɗu, in ba haka ba su ba wani. Takardun suna jakata.

Raudatu: Yaya...

Mukhtari: Na ce kar ki katse ni. Ni ma ba a son raina ba ne. Amma tun da aka sallamo shi daga asibiti da shanyewar ɓarin jikin nan, yau kwana goma sha ɗaya ruwa bai taɓa jikinsa ba. Ke ya ce 'yarsa ba za ta ga tsiraicinsa ba. Asibiti sun aiko ma'aikaciyar jinya, Adwoa, baiwar Allah mai haƙuri, ya ja bargo ya rufe har kansa. Mun nemi namiji, sun ce mu jira. Jira har yaushe? Har bayansa ya yi gyambo?

Raudatu: Baba ya yi wanka.

Mukhtari: Ya yi me?

Raudatu: Wanka! Yau da safe. Ga shi can a falo da farar jallabiya, sai ƙamshi yake.

Mukhtari: Ke, bana son wasa. Wa ya yi masa?

Raudatu: Baba Issoufou.

Mukhtari: Wane Issoufou? Badamagaren nan mai sayar da man kaɗe da turare a titin 125th? Wanda suka shekara ashirin suna faɗa da Baba a kan wurin kafa tebur?

Raudatu: Shi fa. Ya ji labari a masallaci. Ƙarfe bakwai na ji ƙwanƙwasa, na buɗe, sai ga tsoho yana haki, ya hawo bene hawa biyar, lif ɗinmu ta sake lalacewa. Hannunsa da bokiti, da soso, da sabulun salo.

Mukhtari: Bokiti? Ba shawa a gidan?

Raudatu: Na faɗa masa. Ya ce da ɗan Faransancin nan nasa, "Bon, ɗiyata, Bakano bai yarda ya yi wanka ba sai ya ji ƙarar bokiti."

Mukhtari: Ikon Allah! Baba bai kore shi ba?

Raudatu: Ya kore shi mana! Da bakin nan nasa da ya karkace ya ce, "Fitar min daga gida, bawana." Ka san wasan Kanawa da Damagarawa. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Alhaji, ran da ka mutu ni za a kira in wanke ka, ko kana so ko ba ka so. Gara in fara koyo tun kana da bakin gaya mini inda na yi kuskure."

Mukhtari: Inna lillahi! Ya faɗa wa mara lafiya haka?

Raudatu: Ni ma gabana ya faɗi. Sai na ji wani sauti, na ɗauka Baba ya shaƙe ne. Ashe dariya yake! Yaya, rabona da jin dariyar Baba tun kafin azumi.

Mukhtari: Halo? Raudatu? Kin ɗauke...

Raudatu: Ina nan! Na ce dariya ya yi! Baba Issoufou ya ce in fita in ja ƙofa. Ya ɗaura masa zani a ƙugu, ta ƙarƙashin zanin ya wanke shi, bai kalli tsiraicinsa ba ko sau ɗaya, in ji Baba. Ina kicin ina jiyo su, ana zuba ruwa ana zage-zage. Ya shafe shi da man kaɗe, ya yanke masa farce. Na kawo shayi ma bai tsaya sha ba, wai teburinsa na jira.

Mukhtari: Kai, wannan mutum! Shekararsa nawa? Ya haura saba'in fa. Allah Ya saka masa da Aljanna.

Raudatu: Amin.

Mukhtari: Amma Raudatu, wankan rana ɗaya ba ya raba mu da matsala. Gobe fa? Jibi fa?

Raudatu: Ya manna takarda a jikin firij kafin ya tafi. Shi ya ɗauki Litinin, Laraba da Juma'a. Muniru mai tasi, ɗan Kumasi, Talata da Alhamis. Abdulƙadir ladan ya karɓi Asabar. Su za su ɗaga shi, su wanke shi, su zaunar da shi. Abinci da magani da sauran hidima nawa ne, kuma wallahi zan iya. A can wa zai zage shi ya yi dariya?

Mukhtari: Babu. Gaskiya babu... Tsaya, ban ji Lahadi ba.

Raudatu: Ba kowa a Lahadi.

Mukhtari: Ba a samu mutum ba?

Raudatu: An samu har uku. Baba Issoufou ya hana. Ya ce mutumin da ya haifi ɗa namiji ba a cike masa mako da baƙi.

Mukhtari: Ɗa namiji...

Raudatu: Yaya? Layin ne?

Mukhtari: Ba layi ba ne. Raudatu, ni ko kafaɗar Baba ban taɓa gani ba riga ba. Ko ido ba na iya haɗawa da shi. Da wane hannu zan... Ina jin nauyi, wallahi. Shi ya sa na bi ta takardun nan, in gaya miki gaskiya.

Raudatu: Na sani. Baba Issoufou ma ya sani. Ya ce ranar farko zai tsaya kusa da kai, ya nuna maka yadda ake riƙe zanin.

Mukhtari: Baba fa? An gaya masa ni ne Lahadi?

Raudatu: A gabana ya gaya masa.

Mukhtari: Me ya ce?

Raudatu: Ya juyar da kai bango. Can sai ya ce, "A ce masa ya taho da reza. Gemun nan ya ishe ni."

Mukhtari: Haka ya ce? Ni? Ya ce in... Kai, iskar nan ta cika min ido.

Raudatu: Iska ce, Yaya. To masu jiran ƙarfe huɗu fa?

Mukhtari: Su ba wani gadon, Allah Ya ba shi lafiya. Ke, wace irin reza yake so? Mai baki ɗaya ko...

Raudatu: Na'am, Baba! Ina zuwa! Yaya, yana kira, sai Lahadi.

Mukhtari: Tsaya mana, ƙarfe nawa zan... Raudatu? Halo?