Rumbun Kawu da Na Buɗe wa Baƙi

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ya iyali? Daga Birnin Tudu ta Bakura nake rubuto maka, kuma raina ba daɗi.

Bara, da ruwa ya cinye gonakinmu, wasu ɗaliban jami'a suka zo bincike kan yadda ake agaza wa mutane bayan ambaliya. Ni na shige musu gaba, gida-gida. Ka san halinmu, magidanci ba ya faɗa wa baƙo cewa hatsinsa ya ƙare. Amma don ganin idona, kawuna Malam Isa ya buɗe musu rumbunsa wayam, suka ɗauki hoto. Har zabuwarsa ta ƙarshe ya yanka musu.

Duk mun ɗauka agaji zai biyo baya. Shiru kake ji. Da na kira shugabarsu, sai ta ce, "Malam, ai mun gaya maka karatu ne kawai."

Gaskiyarta, ni ne ban fayyace wa kowa ba. Jiya na gaida kawu, ya ce, "Ɗana, asirin da Allah ya rufa mani, kai ka tona."

Jama'a, ku ba ni shawara. Da wane baki zan nemi gafararsa?