Fenik Ya Kusa Kashe Mini Kyanwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da dukkan masu sauraro. Alhaji Sabi'u mai turare ne, daga Abbasiya a birnin Alƙahira.

Da jaka ɗaya na shigo ƙasar nan, yau shagona nawa ne, don haka ban saba a koya mini aiki ba. Da iskar hamasin mai ƙura ta lafa, maƙwabta suka hau wankin gidaje, sai na ce wa maiɗakina, "Hajiya, huta, yau ni zan wanke." Na kwarara fenik, maganin nan mai wari da Misirawa ke wanke daɓe da shi.

Ta ce, "Alhaji, fitar da Mishmish tukuna."

Na ce, "Kyanwar da na tsinto a titi? Khalas, ƙyale ta, ta ga abin da ya fi wannan."

Mishmish ta taka ruwan, ta lashe ƙafafunta. Kafin la'asar ga ta tana dalalar da yawu, tana tangaɗi. Ban tsaya jiƙe-jiƙe ba, na naɗe ta a tawul, na tari tasi zuwa wajen likitan dabbobi a Dokki. Ya ce, "Ya Hajj, fenik guba ne ga kyanwa, saurinka ne ya cece ta." Kwana biyu ta yi a hannunsa.

'Yan'uwa, ranar wanki ku rufe dabbarku a wani ɗaki, ku ɗauraye daɓen sosai, sai ya bushe ku sake ta. Wanda ya san magani marar illa ya aiko mana.

Ina gaida ɗalibanmu na unguwar Hay el-Sabi'. Mishmish ta warke sarai, amma da ta ga na ɗauki bokiti sai ta haye saman firji.