Baba Yana Kwance, Nas Ta Daina Zuwa

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Rahila daga Godogodo, kuma hankalina ba a kwance yake ba.

Bara babana ya faɗi a gona, rabin jikinsa ya shanye. Da aka sallame mu daga asibiti, wata nas ta riƙa zuwa gida kowace Laraba tana wanke masa gyambon baya. Watan jiya ta ce mini, "'Yar'uwa, gwamnati ba ta saki kuɗin shirin ba, an ce mu dakata."

Tun ranar ni kaɗai ce. Cittar da na shuka ta isa haƙa, amma da na kai bakin gona sai in juyo da gudu, ina tsoron ko ya faɗo daga gado. Shekaranjiya ya riƙe hannuna ya ce, "Je ki gonarki, 'yata, ni nawa ya ƙare." Na fita tsakar gida na yi ta kuka.

Jama'a, wane ofis zan je a dawo mana da nas ɗin nan? Wanda ya sani don Allah ya kira yanzu, ina nan gefen gadonsa ina saurare.